Fesa wa Hiace fenti a tsakiyar hunturu: ƙarfe mai sanyi ko ƙura, wanne ya fi ɓata aiki?

Direban Ringim:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da mota Toyota Hiace wadda nake jigilar mutane da ita daga ƙauyenmu da ke kusa da Ringim zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi da ta Maigatari ranar Alhamis. Fentinta ya koɗe, tsatsa kuma ta fara cin ƙasan ƙofofinta, saboda haka da na sayar da ɗan riɗin da na noma bana sai na yanke shawarar a sake mata fenti gaba ɗaya. Na kai ta wani gareji a yankinmu, wanda rumfar kwano ce kawai mai bango ɗaya, muka yi da mai fentin cewa a fara gwadawa da ƙofar gefe kafin a taɓa sauran jikin. Ya fesa da sassafe, wajen ƙarfe 7, domin a cewarsa lokacin ne iska take kwance. Abin da ya fito bai yi mini daɗi ba: fentin ya yi hawaye a wurare uku, ba shi da sheƙi, kuma yau kwana uku ke nan amma idan na danna farce sai ya bar shaida. Mai fenti ya ce kayan da na sayo daga Kano jabu ne, wanda ya sayar mini kuma ya rantse cewa hannun mai aikin ne. Ina neman a faɗa mini gaskiya, in ci gaba yanzu ko in haƙura har bazara?

Baba Mai Fenti, Haɗejiya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a ɗora wa kowa laifi, ina so ka amsa mini wasu tambayoyi. Wane irin fenti ne, wanda ake haɗawa da hadina, wato sinadarin da yake sa shi ƙarfi, ko kuwa silulos na da? A ina motar ta kwana, a cikin rumfa ko a fili? A ina gwangwanin fentin ya kwana? Kuma da ya zo haɗawa, ya auna tina, wato ruwan tsinka fenti, da kofi ne ko da ido ya zuba?

Direban Ringim:
Baba, fentin 2K ne fari, mai hadina. Motar a fili ta kwana a gaban garejin, da asuba aka tura ta ciki. Gwangwanin yana ajiye a ƙasa a kan siminti tun kwana biyu kafin aikin. Da aka buɗe shi ya yi kauri kamar kunun tsamiyar da ya huce, sai mai fentin ya riƙa ƙara tina yana juyawa har ya ga ya tsinke yadda yake so. Ban ga ya auna komai ba, ni kuma ban san ana aunawa ba balle in yi magana.

Baba Mai Fenti, Haɗejiya:
To, ka amsa tambayarka da bakinka, kuma ina ganin a sallami mai shagon Kano daga wannan shari'a, aƙalla har sai an sami wata hujja. Fentin ba kauri ne da shi na asali ba, sanyi ne ya daskarar da shi, kamar yadda man gyaɗa da man shanu suke yi a wannan watan. Maganin kaurin da sanyi ya kawo shi ne ɗumi, amma abokinka sai ya yi masa magani da tina. Da ya cika tina, fentin ya rasa jikin da zai riƙe kansa a tsaye a kan ƙofa, sannan ya sauka a kan ƙarfen da ya kwana yana shan sanyi, inda tinar ba za ta tashi da wuri ba. Shi ya sa ya gangaro. Ina kuma kyautata zaton bai jira tsakanin shafi na farko da na biyu yadda ya kamata ba, domin mu masu wannan sana'a mun saba da jiran minti goma a lokacin zafi, hannunmu kuma ba ya tuna cewa a hunturu minti goman nan ba ta isa. Shafi na biyu ya rufe tinar na farko a ciki, ita ce take hana shi ƙarfi har yau. Na shekara fiye da talatin ina riƙe da bindigar feshi, kuma abin da nake fara yi a watan Janairu shi ne in ɗora bayan hannuna a kan ƙarfen motar. Idan na ji ya fi hannuna sanyi har ina son janyewa, ba na haɗa fenti.

Mai Ƙwanƙwasa, Wudil:
Baba, ina girmama shekarunka a sana'a, amma ban yarda a ce mai fentin ya yi kuskure wajen zaɓar safiya ba. Mu a nan ba Turai muke ba da za a ce ƙanƙara ta hana aiki. Babban maƙiyinmu a hunturu ƙura ce. Da zarar hantsi ya ɗaga, iskar arewa maso gabas takan taso da hazo da yayi da ƙaiƙayin da ake sheƙewa a masussuka, kuma duk wanda ya fesa farin fenti da tsakar rana a buɗaɗɗiyar rumfa zai tarar da jikin motarsa kamar an barbaɗa masa yashi. Hawaye uku ana iya goge su da sanfefa, amma ƙurar da ta zauna a kan mota baki ɗaya sai dai a sake aiki. A wurina laifin tina ne kaɗai, ba na lokaci ba.

Malamin Fasaha, Kazaure:
Ina neman izinin manyan sana'a in sa baki, domin ina ganin kowannenku ya riƙe wani gefe na gaskiya. Akwai bambancin da ya kamata a fara fahimta tsakanin fentin silulos da 2K. Silulos bushewa kawai yake yi, wato da zarar tinar da ke cikinsa ta tashi ya gama. Shi kuwa 2K bayan tashin tina akwai aiki na biyu, wanda shi ne haɗuwar sinadarin fentin da na hadina har su ƙulle su zama fata guda mai ƙarfi, kuma wannan haɗuwa zafi ne yake tafiyar da ita. Lokutan bushewar da kamfanoni suke rubutawa a jikin gwangwani yawanci an auna su ne a kan digiri 20 na ma'aunin Salshiyos. Akwai ƙa'idar da masu kimiyya suke amfani da ita a matsayin ƙiyasi, cewa duk raguwar digiri 10 tana mayar da saurin irin wannan haɗuwa kusan rabi, kuma idan aka sauka ƙasa da digiri 10 aikin hadina yakan yi rauni ƙwarai har ya zama kamar ya tsaya. A ɗaya ɓangaren, wannan ne dalilin da ya sa manyan garejin da suke da ɗakin gashi suke kai zafi wajen digiri 60, su gama a cikin kamar rabin awa abin da zai ɗauki kwana guda a waje.

Yanzu mu dubi yanayinmu. A watannin Disamba da Janairu, zafin iska a yankin Kano da Jigawa da asuba yakan sauka wajen digiri 13, wasu ranakun ma ƙasa da haka, amma da rana yakan haura zuwa kusan 30. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne cewa ƙarfen da ya kwana a fili a ƙarƙashin sararin da babu gajimare yakan fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, domin yana sakin zafinsa zuwa sama duk tsawon dare. Ke nan ƙofar ɗan'uwanmu da ƙarfe 7 tana iya kasancewa a daidai iyakar da hadina yake daina aiki sosai. Akwai kuma maganar raɓa: ƙa'idar masu fenti ita ce zafin ƙarfe ya ɗara matakin da raɓa take sauka da aƙalla digiri 3, in ba haka ba wani siririn danshi da ido ba ya gani yakan kwanta a tsakanin ƙarfe da fenti, ya kashe sheƙi.

Mai Ƙwanƙwasa, Wudil:
Malam, na karɓi maganar hadina, domin na sha ganin fila, wadda muke cike lotsawar mota da ita, ita ma tana jinkirin kamawa da safe. Amma maganar raɓa a hunturu ta ba ni mamaki. Lokacin da leɓe yake tsagewa, kaushi yake cin ƙafa, wanki yake bushewa kafin a gama shanya, ina danshin yake da zai kwanta a kan ƙarfe?

Malamin Fasaha, Kazaure:
Tambayarka tana kan hanya, Oga, kuma a kan tudu kana da gaskiya, domin da rana danshin iskar hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Sai dai iskar da ta yi sanyi ba ta iya riƙe danshi kamar mai ɗumi, saboda haka ɗan abin da yake cikinta yakan matso kusa da sauka da asuba. Ringim kuma a bakin kogin Haɗejiya take, ga fadamu da gonakin rani da ake ba ruwa dare da rana. Ban ce lallai raɓa ce ta ɓata wannan ƙofa ba, na fi zargin tina da sanyin ƙarfe, amma ba zan cire ta daga lissafi ba.

Baba Mai Fenti, Haɗejiya:
Ni da nake zaune a tsakiyar fadama ba sai an kawo mini ma'auni ba. Ka fito da asuba a nan ka shafa gilashin motar da ta kwana kusa da gonar shinkafa, za ka ga hannunka ya jiƙe. Kai ma ɗan'uwana na Wudil kogi ne a bayan garinku, ka gwada gobe ka ba mu labari.

Yaron Gareji:
Iyayena, ni ɗan koyo ne, shekarata biyu a hannun maigidana, ku yi mini afuwa idan na yi kuskure. Idan matsalar sanyin safiya ce, kuma safiyar ce ba ta da ƙura, me zai hana a haɗa biyun? A wurinmu idan aiki ya matse, mukan zagaye rumfa da tamfol, mu hura gawayi a cikin rabin duro mu ajiye a kusurwa, wani lokaci ma mu kunna risho mu ɗora gwangwanin fentin a kusa da shi ya ɗan saki. Wurin yakan yi ɗumi sosai kuma aikin yakan fita.

Baba Mai Fenti, Haɗejiya:
Yaro, na ji daɗi da ka faɗi wannan a fili, domin da ka ɓoye da ba a sami damar tsawatar maka ba. Ka bar wannan ɗabi'a daga yau, kuma ka gaya wa maigidanka cikin ladabi cewa wani tsoho a Haɗejiya ya roƙe shi don Allah ya bari. Tururin tina ya fi iska nauyi. Ba sama yake tashi ba kamar hayaƙi, ƙasa yake bi yana malala kamar ruwa, har ya isa inda garwashin yake ko da yana can kusurwa, sannan wutar ta biyo shi a guje ta dawo inda mai feshi yake tsaye. A rumfar da aka rufe da tamfol, wadda ta cika da ƙurar fenti, abin da zai biyo baya ba gobarar da ake kashewa da bokiti ba ce. Ni kaina ina saurayi na taɓa wanke bindiga da tina a nesa da murhun mai shayin da ke jikin garejinmu, nisan da na ɗauka ya isa, sai kawai na ga wuta ta taho a ƙasa ta kama kwanon da ke hannuna. Tabon yana nan a damtsena na dama har yanzu, kuma wannan a buɗaɗɗen wuri ne. Cewa kun yi sau da yawa ba abin da ya faru ba hujja ba ce, sa'a ce kuka yi ta ci. Idan ana son fenti ya saki, a tafasa ruwa can nesa a gida, a surka shi ya zama mai ɗumin da za a iya yi wa jariri wanka da shi, a kawo a bokiti a tsoma gwangwanin a rufe na kamar minti ashirin, a kula kada ɗigo ɗaya ya shiga ciki ko ya taɓa hadina. Mafi sauƙi ma shi ne gwangwanin ya kwana a ɗakin da mutane suke kwana, a kan katako, ba a kan siminti ba.

Malamin Fasaha, Kazaure:
Ƙari a kan maganar Baba, ko da an ajiye batun gobara, risho da gas suna fitar da tururin ruwa yayin da suke ci, gawayi kuma yana tayar da toka, ke nan ana ƙara wa rumfar abubuwa biyun da ake gudu. Gawayi a rufaffen wuri yana kuma tara iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari.

Ma'aikaciyar Lafiya, Dutse:
Ni ba ma'abociyar gareji ba ce, mijina ne yake da mota, shi ya sa nake bibiyar wannan zaure, amma tun da aka fara maganar rufe rumfa da tamfol hankalina ya tashi, domin kowa yana lissafin lafiyar fenti ba a yi lissafin huhun mai fesawa ba. Hadinan 2K yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yana cikin manyan abubuwan da aka sani suna jawo asma ta dalilin sana'a, kuma masu feshin mota suna cikin waɗanda ta fi kamawa. Abin da ya sa yake da haɗari shi ne cewa idan jikin mutum ya riga ya ƙi shi, ɗan kaɗan ma yana isa ya toshe masa numfashi, kuma sau da yawa tarin da shaƙewar ƙirjin ba sa zuwa a wurin aiki, sai da dare bayan an koma gida, mutum ya ɗauka sanyin hunturu ne ya kama shi. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci da takunkumin takarda na asibiti ba sa tare shi ko kaɗan. Abin da aka amince da shi shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Na san samun wannan a ƙauye da wuya, to aƙalla a nemi takunkumin roba mai gwangwanayen tacewa sababbi, a rufe ido da hannu, a bar hanyar da iska za ta wuce, kuma a fitar da duk wanda ba ya riƙe da bindiga, musamman yara 'yan kallo. Ina kuma roƙon a daina dogara da gwangwanin madarar da ake sha bayan feshi. Madara ciki take zuwa, fentin kuma huhu ya tafi.

Mai Ƙwanƙwasa, Wudil:
Hajiya, maganar madara ta taɓa ni, domin ni ma da ita aka rene ni a sana'a. To amma yanzu kun sa direba a tsaka mai wuya. Safiya an ce sanyi, rana na ce ƙura, a rufe an ce huhu, a hura wuta an ce gobara. Sai a gaya masa ya jira bazara kawai.

Baba Mai Fenti, Haɗejiya:
Bazara ba za ta cece shi ba. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40, ƙarfe ya yi zafin da ba a iya taɓawa, fenti ya bushe a iska kafin ya isa jikin mota, ya fito da gautsi kamar ɓawon lemo. Da damina kuma danshi ne da ƙwari. Kowane lokaci da jarabawarsa, kuma ni a wurina tsakar ranar hunturu tana cikin lokutan da fenti ya fi kwanciya, muddin an yi dabarar ƙura.

Ga yadda zan yi da motar a hannuna take. Duk aikin ƙazanta, wato kankare tsatsa, cika fila, gugar sanfefa da firaima (shafin ƙasa da ake yi kafin fenti), a gama shi kwanaki kafin ranar feshi, kuma a yi shi a waje, ba a cikin rumfar da za a fesa ba. Idan an yi gugar ruwa da sanfefa mai lamba 800, a bar motar ta wuni a rana, domin ruwa yakan ɓuya a bakin gilashi da maƙalar ƙofa ya fito daidai lokacin da iskar bindiga ta bi ta kansa. Daren feshi motar ta kwana a cikin rumfa. A toshe ɓangaren arewa da gabas da tamfol sosai har ƙasa, tun da daga nan iskar take zuwa, a bar ƙofa a ɓangaren kudu maso yamma domin tururi ya fita, a kuma buɗe wata kafa a ɗaya gefen a rufe ta da gidan sauro ninki biyu ko uku, ya zama iska tana shiga amma yayi ba ya shiga. A share rufin kwanon daga ciki tun jiya, saboda yanar gizo-gizo da ƙurar da ke maƙale a can su ne suke zubowa a kan rufin mota. Da hantsi a turo motar rana ta sha ɗumi na kamar awa ɗaya, har ƙarfen ya daina cizon hannu amma bai yi zafi ba, sannan a mayar da ita inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa daidai yadda zai kwantar da ƙura ba tare da ya taru ba, a goge jikin, a fara wajen ƙarfe 11. A yi ƙoƙari a gama kafin ƙarfe 2, domin fentin ya sami sauran ɗumin yini ya kama jikinsa kafin sanyin magariba ya sauko. Idan aka wayi gari da hazo mai kauri wanda rana ba ta fito ba, ko iska tana kaɗa tamfol, a ɗage aikin zuwa gobe.

Malamin Fasaha, Kazaure:
Tsarin Baba ya yi daidai da abin da littafi ya ce. Zan ƙara da cewa busasshiyar iskar hunturu tana sa jikin mota ya tara irin lantarkin nan da ke sa riga ta yi ƙara idan ana cire ta da dare, kuma shi ne yake janyo ƙura kamar maganaɗisu, musamman a kan bamba ta roba, don haka kada a yi ta dirzar jikin da busasshen tsumma gab da feshi. A kuma buɗe mazubin da ke ƙarƙashin tankin kwamfuresa a zubar da ruwan da ya taru, domin iskar da aka matsa tana yin zafi, idan ta huce a cikin tanki da tiyo mai sanyi sai ta zubar da ruwa, bindiga ta tofa shi a kan fenti. Game da haɗi, yawancin fentin 2K na sama kashi 2 ne na fenti da kashi 1 na hadina, tina kuma wajen kashi 10 cikin 100, amma abin da aka rubuta a gwangwaninka shi ne hukunci. Shawarata ita ce a sayi hadina mai saurin kamawa, tun da don lokacin sanyi aka yi shi.

Baba Mai Fenti, Haɗejiya:
A nan kam zan saɓa maka, Malam. Hadina mai sauri yana da kyau ga ƙofa ɗaya ko bamba da safe. Amma Hiace doguwar mota ce mai faɗin gefe, kuma mun riga mun mayar da aikin tsakar rana inda zafi ya haura digiri 25 a busasshiyar iska. Kafin mai fenti ya zagayo daga wannan gefe zuwa wancan, inda ya fara ya riga ya kama, mahaɗar ta fito da gautsi kamar an yi faci. Matsakaicin hadina ya fi dacewa. Ina ma ba da shawara a raba aikin biyu, a fesa rufin shi kaɗai ranar farko, a rufe shi da takarda bayan ya yi ƙarfi, sannan a yi gefuna, domin ƙaramin kwamfuresa mai lita 50 da ake ja da janareta ba zai iya ciyar da bindiga ta zagaye motar nan a numfashi ɗaya ba, kuma da zarar iska ta ragu fenti yakan fito da gudaji. A riƙe bindiga kamar tsawon taƙi ɗaya daga jiki, shafi na farko ya zama siriri, kuma kada a dubi agogo wajen sa na biyu: a taɓa takardar da aka manna a gefen gilashi, idan fentin da ke kanta yana danƙo amma ba ya biyo yatsa, lokaci ya yi.

Malamin Fasaha, Kazaure:
Na karɓi gyara, Baba. Na yi lissafin sanyin asuba ne alhali an riga an bar asubar.

Direban Ringim:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura ƙofar da ta lalace, a fesa a kanta ne ko yaya za a yi?

Baba Mai Fenti, Haɗejiya:
Kada a kuskura a rufe ta da sabon fenti tana da laushi, domin tinar sabon za ta tayar da na ƙasan ya yamutse. Ka bar ta tana shan rana kwana huɗu ko biyar. Idan ta yi ƙarfin da sanfefa take fitar da gari, a goge hawayen da katako mai lebur a bayan sanfefar har su baje. Idan kuwa sanfefar tana cushewa da danƙo, to hadinan bai isa ba tun farko, sai a kankare har firaima a sake. Kuma ɗana, kada ka je wa mai fentin nan da faɗa. Ka karanta masa abin da aka rubuta a nan a matsayin shawarar abokan sana'arsa, ka saya masa kofin awo da takunkumi a cikin kuɗin aikin.

Direban Ringim:
Iyayena, na dawo da rahoto bayan kwana goma sha biyu. Ƙofar ba ta yi ƙarfi ba, sai da aka kankare ta. Mun fesa rufin ranar Litinin, muka so yin gefuna ranar Laraba amma hazo ya rufe gari har ba a ganin bishiyar da ke tsallaken titi, sai muka bari zuwa Asabar, wanda ya sa na rasa kasuwar Maigatari da ta Gujungu a mako guda. Fentin ya kwanta, yana sheƙi, washegari da yamma farce bai shige shi ba. Akwai hawaye ɗaya ƙarami a ƙarƙashin maɗaurin madubi, akwai kuma ƙura jefi-jefi a kan rufin da murfin baya, wadda ake ji da tafin hannu fiye da yadda ake gani. Mai fentin ya ce wannan ne karo na farko da ya yi feshi bai kwana yana tari ba.

Mai Ƙwanƙwasa, Wudil:
Ka ga ƙurar da nake faɗa ta dai sami hanya, ko da yake na yarda ba ta kai yadda na zata ba. Na kuma shafa gilashi da asuba kamar yadda Baba ya ce, na tarar da laima a kan motar da ke kusa da kogi, ban tarar a kan wadda ke cikin gari ba. Wannan ƙurar ta rufi ka bar ta mako guda, sannan a bi ta da sanfefar ruwa mai lamba 1500, a biyo da 2000, a goge da man sheƙi. A kula da kusurwoyi da bakin ƙofa, nan ne fenti ya fi siranta kuma nan ne ake cinye shi.

Direban Ringim:
Na gode, Oga. Baba, tambaya ta ƙarshe: yaushe zan iya rufe ta da tamfol da dare saboda ƙura, kuma yaushe mai rubutu zai iya mayar mini da sunan mahaifiyata a gilashin baya da murfin?

Baba Mai Fenti, Haɗejiya:
Na gilashi ko gobe a rubuta, babu abin da ya haɗa shi da fenti. Na murfin kuwa, da tamfol, da duk wani man kakin da ake shafawa, ka ba su wata guda, domin a wannan sanyin fentin yana ci gaba da ƙarfi daga ciki ko da samansa ya bushe, tamfol kuma idan iska tana kaɗa shi da ƙura a ƙarƙashinsa sanfefa ne. Idan ta yi ƙura ka kwarara mata ruwa da rana tsaka, kada yaran tasha su share ta da busasshen tsumma. Ka gaida mahaifiyar taka.